Albashi da Asibiti: Yadda Ra'ayin 'Yan Siyasar Najeriya Ya Sauya Kan Haƙƙin Ma'aikaci da Lafiya Ga Kowa

Cikin shekaru biyu da 'yan watanni, Najeriya ta samu dokoki biyu da suka taɓa aljihun mai aiki kai tsaye. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, wadda ta mayar da shiga inshorar lafiya tilas ga duk mazaunin ƙasar. A watan Yulin 2024 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sabon mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Duk da haka, mai gadi a wani kamfani yana karɓar naira 35,000 a wata, mai jego kuma ana cewa ta ajiye kuɗi kafin a shiga da ita tiyata. Wannan ne ya jefa mutane cikin ruɗani: idan doka ta ce dole, me ya sa ba a gani a ƙasa?

Amsar tana cikin yadda aka gina dokokin. A yau da wuya ka samu ɗan siyasar da zai fito fili ya ce talaka bai cancanci magani ba, ko ma'aikaci bai cancanci albashin da zai riƙe shi ba. Gardamar ta koma kan tambayoyi biyu: wa zai biya, kuma wa doka take kira ma'aikaci.

Ma'anar kalmomin

Mafi ƙarancin albashi shi ne adadin da doka ta hana mai ɗaukar aiki ya biya ƙasa da shi a wata. Ba ƙarin albashi ba ne ga kowa. Abin da ke faruwa da waɗanda ke matakan sama shi ne gyaran da ke biyo baya, wanda ake yin cinikinsa daban tsakanin ƙungiyoyin ƙwadago da kowace gwamnati, kuma a nan ne yawancin rigingimun jihohi suke tasowa. Dokar ba ta hau kan wurin da ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba, haka masu aikin wucin gadi na sa'o'i, da waɗanda ake biya da kamasho ko gwargwadon abin da suka yi, da masu aikin gona na lokaci-lokaci.

Lafiya ga kowa, yadda Hukumar Lafiya ta Duniya take nufi, ba magani kyauta ba ne. Manufar ita ce mutum ya samu kulawar da yake buƙata, mai inganci, ba tare da jinyar ta talauta shi ba. Ana kai wa ga haka ta hanya biyu: ko gwamnati ta biya daga haraji, ko jama'a su tara kuɗi a asusu ɗaya tun kafin ciwo ya zo. Hanya ta biyu ita ce inshora. Ta yi kama da adashi wajen zubi, amma babu ranar kwasa. Wanda bai yi ciwo ba bara, kuɗinsa ya yi wa wani magani, kuma ba za a mayar masa ba. Rashin fahimtar wannan bambanci yana cikin abubuwan da ke sa mutane daina zubi bayan shekara guda.

Daga alkawarin kyauta zuwa "je ka sayo"

Ƙungiyoyin ƙwadago a Najeriya sun girmi 'yancin kai. Yajin aikin gama-gari na 1945, wanda Michael Imoudu ya yi fice a cikinsa, an yi shi ne kan alawus na tsadar rayuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe masu haƙar kwal 21 a Iva Valley da ke Inugu. Abubuwan nan biyu sun ɗaure gwagwarmayar ma'aikata da ta neman 'yanci, shi ya sa 'yan siyasar farko suke ɗaukar kansu abokan ma'aikaci.

Kuɗin mai na shekarun 1970 ya ƙarfafa tunanin cewa gwamnati ce uwa. Ƙarin albashin da kwamitin Udoji ya kawo a 1974 ya zo da ariyas ɗin da har yanzu tsofaffi suke ba da labarinsa. An kafa Ƙungiyar Ƙwadago ta Najeriya, NLC, a matsayin uwar ƙungiyoyi guda a 1978. A zaɓen 1979 jam'iyyar UPN ta Obafemi Awolowo ta sa kiwon lafiya kyauta cikin manyan alkawuranta huɗu, PRP ta Malam Aminu Kano kuma ta gina siyasarta kan talakawa. Gwamnatin Abubakar Rimi a Kano ce ta fara ba da hutun ranar ma'aikata a 1980, kafin tarayya ta bi sahu a 1981, shekarar da gwamnatin Shehu Shagari ta kafa mafi ƙarancin albashi na naira 125 bayan yajin aikin NLC ƙarƙashin Hassan Sunmonu.

Da farashin mai ya faɗi, ra'ayi ya juya. Shirin gyaran tattalin arziki na Janar Ibrahim Babangida daga 1986 ya rage darajar naira, ya takaita kashe kuɗin gwamnati, asibitoci suka koma karɓar kuɗin kati da na gwaji da na gado. Tsarin Bamako na 1987 ya kawo asusun magani mai juyawa: a sayar wa majinyaci magani, a sake sayo wani da kuɗin. A inda aka riƙe asusun da amana ya yi aiki, a inda aka ci jarin kuma kantin maganin asibiti ya zama fanko, aka bar majinyaci da takarda da kalmar "je ka sayo a waje". A ɓangaren ƙwadago, gwamnatocin soja sun rusa shugabancin NLC a 1988 da 1994, aka tsare Frank Kokori na ƙungiyar ma'aikatan mai shekaru huɗu.

Komawar mulkin farar hula ta kawo ra'ayi na uku, wanda har yau shi ke tafiyar da al'amura: kowa ya zuba nasa. Dokar fansho ta 2004 ta maye gurbin fanshon da gwamnati ke biya ita kaɗai da na karo-karo. Bayan gyaran 2014 ma'aikaci yana ba da kashi 8, mai ɗaukar aiki kashi 10. Shirin inshorar lafiya na NHIS, wanda ya gabaci NHIA kuma dokarsa ta fito a 1999, ya fara aiki a 2005 bisa wannan tunani. A shekarar ce kuma aka gyara dokar ƙungiyoyin ƙwadago, aka cire wa NLC matsayin uwa ɗaya tilo, abin da ya buɗe wa TUC, ƙungiyar manyan ma'aikata, ƙofa, aka kuma tsaurara sharuɗɗan shiga yajin aiki.

Yadda inshorar take aiki, da inda take cijewa

A tsarin ma'aikatan gwamnati da kamfanoni, an tsara mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10 na tushen albashi, ma'aikaci kashi 5. Mai tushen albashi naira 60,000 ke nan zai ba da 3,000, wurin aikinsa ya ba da 6,000. Rajistar tana ɗaukar ma'aikaci, da abokin aure ɗaya, da 'ya'ya huɗu na cikinsa waɗanda ba su kai shekara 18 ba. A Arewa wannan sharaɗi yana da nauyi. Magidanci mai mata biyu da 'ya'ya tara dole ya zaɓi waɗanda zai sa, sauran sai ya biya musu daban, mahaifiyarsa da ke zaune a gidansa kuma ba ta ciki.

Mai rajista yana zaɓar asibiti guda a matsayin na farko. Ana biyan wannan asibiti wani adadi a kan kowane kai duk wata, ko mutum ya je ko bai je ba. Fiye da shekara goma wannan kuɗi yana tsaye a naira 750, kafin a fara ɗaga shi a 2024. A wancan lokaci, asibitin da ke da mutum dubu a rajistarsa yakan samu naira 750,000 a wata, daga ciki zai ga likita, ya yi gwaje-gwajen farko, ya ba da magani, majinyaci ya biya kashi 10 na kuɗin maganin kawai. Da farashin magani ya ninka sau da yawa alhali kuɗin kan bai motsa ba, asibitoci suka koma kare kansu: a ce maganin ya ƙare, ko a ware wa masu inshora layi da kantin magani na daban mai ƙarancin kaya. Majinyaci yana ganin wulaƙanci, mai asibiti yana ganin lissafin da ba ya fita.

Idan ciwon ya wuce ƙarfin matakin farko, kamar tiyata ko ganin ƙwararren likita, sai an nemi lambar amincewa daga kamfanin da ke tsakani, wato HMO, sannan a biya asibiti gwargwadon aikin da ya yi. Nan ma akwai cikas biyu da aka daɗe ana kuka da su: jinkirin fitowar lambar, da jinkirin biyan asibitoci bashinsu na watanni. Dokar 2022 ta rage ikon waɗannan kamfanoni kan riƙe kuɗin shirye-shiryen gwamnati, ta ba hukumomin inshorar lafiya na jihohi babban matsayi.

Babban raunin tsohon tsarin shi ne shiga ganin dama ne. Inda aka bar inshora a haka, masu ciwon suga da hawan jini da mata masu ciki ne ke rububin shiga, matasa masu ƙoshin lafiya su ƙi. Asusun da yawancin masu zubinsa majinyata ne ba ya daɗewa. Wannan ne dalilin kalmar "tilas" a sabuwar doka, wadda ta hau kan duk wurin aiki mai ma'aikata biyar zuwa sama, da masu sana'ar kansu, da sauran mazauna ƙasa. Sai dai tilas yana da sauƙi ne inda akwai takardar albashi da za a cira daga tushe. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna sama da kashi 90 na masu aiki a Najeriya suna ɓangaren da ba na ofis ba ne: manomi, ɗan kasuwa, mai adaidaita sahu, tela, mai sayar da abinci. Babu akawun da zai cire musu kashi 5. Shi ya sa bayan shekara ashirin da fara shirin, waɗanda ke cikin inshora kimanin miliyan 20 ne a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma sama da kashi 70 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majinyata yake fita.

Ga marasa ƙarfi, akwai hanyoyi biyu a doka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kiwon lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya. Ta raba shi: rabi don saya wa talakawa kulawa ta hanyar inshora, kashi 45 don magani da gyaran cibiyoyi da ma'aikata, kashi 5 don agajin gaggawa. Ba a sa kuɗin a kasafi ba sai 2018. Dokar 2022 kuma ta kafa asusun masu rauni, wanda aka ce zai kula da mutum miliyan 83. Kashi 1 ba zai ɗauki wannan adadi ba, shi ya sa kowace cibiya take samun gurbin mutane ƙalilan a mazaɓar da ke da dubban mabuƙata.

Me ya sauya ra'ayin 'yan siyasa?

Abu na farko tsadar rayuwa ce. Cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 da barin kasuwa ta yanke darajar naira sun kai hauhawar farashi sama da kashi 34 a tsakiyar 2024, na abinci kuma sama da kashi 40. Albashin naira 30,000 na 2019 ya zama ba ya sayen buhun shinkafa. NLC da TUC suka fara da neman naira 615,000, gwamnati ta fara tayi daga 48,000. Yajin aikin 3 ga Yunin 2024 ya kashe babban layin wutar lantarki na ƙasa, ya tsayar da filayen jiragen sama. Aka tsaya a 70,000, aka kuma rage wa'adin sake duba albashin daga shekara biyar zuwa uku. A lissafin dala, 70,000 ɗin bai kai dala 50 ba lokacin da aka sa hannu, alhali 30,000 ta 2019 ta haura dala 80, naira 125 ta 1981 kuma ta kai kusan dala 200.

Na biyu, cire tallafin ya ƙara wa jihohi kason da suke samu daga asusun tarayya, don haka hujjar "babu kuɗi" ta yi rauni. A 2019 jihohi da dama sun ɗauki shekaru ba su aiwatar da 30,000 ba. Bayan 2024 sai ga gwamnoni suna rige-rigen sanar da adadin da ya haura 70,000.

Na uku, annobar korona ta rufe hanyar fita waje neman magani na wasu watanni, manya suka ɗanɗana asibitocin gida. Ficewar likitoci da ma'aikatan jinya zuwa Ingila da Saudiyya da Kanada ta kuma nuna cewa albashin ma'aikacin lafiya da lafiyar jama'a igiya ɗaya ce. Katin inshora ba ya amfani a cibiyar da babu ungozoma da dare.

Sauyin bai tafi gefe guda ba. Gwamnatocin da ke maganar jin daɗin ma'aikaci su ne kuma suke ɗaga sashe na 43 na dokar rikicin ƙwadago, wato ba aiki ba biya, kamar yadda aka yi wa malaman jami'a bayan yajin aikin wata takwas na 2022, suna kuma garzayawa Kotun Ma'aikata don hana yajin aiki tun kafin a fara.

Matsayin kowane ɓangare

Ƙungiyoyin ƙwadago suna cewa albashi haƙƙi ne na ƙasa baki ɗaya, kuma idan aka bar wa kowace jiha ta yanke nata, wasu za su koma biyan abin da ba ya ciyar da gida. Da wannan hujja suka yi zanga-zanga a 2021 kan ƙudurin da ya nemi cire batun albashi daga hurumin tarayya kaɗai. Kan inshora kuwa matsayinsu yana da sarƙaƙiya. Suna goyon bayan lafiya ga kowa, amma sun daɗe suna adawa da cire kason ma'aikaci daga albashin da suke ganin bai isa ba, musamman idan kulawar da ake samu ba ta gamsar ba. Masu sukar su suna cewa ƙungiyoyin suna kare 'yan tsirarun da ke da albashi ne, ba mafi yawan masu aiki ba.

Gwamnoni suna cewa kuɗin shigar Legas da na Yobe ba ɗaya ba ne, tsadar haya ma haka, kuma idan albashi ya cinye kasafi ba abin da zai rage wa hanya da makaranta da asibitin da sauran jama'a ke amfani da su. Hujja ce mai nauyi a lissafi. Rauninta shi ne yadda ake ganin kuɗi yana samuwa idan batun motocin jami'ai ne ko fanshon tsofaffin gwamnoni.

Masu kamfanoni, ta bakin ƙungiyarsu NECA, suna lissafa abin da ke kansu: albashi, kashi 10 na fansho, kashi 1 na asusun diyyar rauni a wurin aiki bisa dokar 2010, ga inshorar lafiya, ga dizal. Suna gargaɗin cewa idan nauyin ya yi yawa za a rage ma'aikata ko a koma ɗaukar na kwantiragi ta hannun 'yan kwangila. Wannan ya riga ya zama ruwan dare a bankuna da masana'antu, inda mutum zai shekara biyar yana aiki ba shi da takardar ɗauka, duk da dokar ƙwadago ta ce a ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku.

Masana tattalin arzikin lafiya sun kasu. Wasu suna ganin a faɗaɗa karo-karo ta ƙungiyoyin 'yan kasuwa da direbobi da manoma. Wasu suna cewa ƙasar da yawancin mutanenta ba su da albashi ba za ta kai ga lafiya ga kowa ba sai da haraji. Suna kafa hujja da Ghana, wadda ta kafa nata shirin a 2003 ta ɗora shi kan harajin kashi 2.5 a kan kayayyaki, ta kuma shigar da kaso mafi girma na jama'arta fiye da Najeriya, ko da yake ita ma tana fama da bashin asibitoci. Nijar ta bi hanyar kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar da tiyatar haihuwa tun wajen 2006. Mata da yara sun ƙaru a asibiti, amma jinkirin mayar wa cibiyoyi kuɗinsu ya sa magani yana yankewa. Najeriya kuwa, wadda a babban birninta ƙasashen Afirka suka yi alkawarin Abuja na 2001 na ware kashi 15 na kasafi ga lafiya, kasafin tarayyarta ya fi yawan tsayawa a kusa da kashi 5.

A Arewa akwai ƙarin tambaya ta addini, saboda shakkun malamai kan inshorar kasuwanci. Jihohi irin su Kano da Kaduna da Jigawa da Katsina sun kafa hukumominsu da sunan taimakekeniya, aka gina bayanin kan cewa zubin gudummawa ce ga 'yan'uwa, ba cinikin abin da ba a sani ba. Wannan ya sauƙaƙa karɓuwa, musamman bayan an shigar da malamai da sarakuna cikin wayar da kai.

Abin da zai shafi mutum a aikace

Ma'aikacin gwamnatin jiha zai ga ana cire masa kason lafiya a takardar albashi. Cirewar ba ta nufin rajista ta kammala. Sai ya je an ɗauki bayanansa da na iyalinsa, ya zaɓi asibiti, ya tabbatar sunansa ya fito a jerin da ake tura wa asibitin, domin da wannan jeri ake biyan kuɗin kai. Da yawa ba sa gano sunansu ba ya ciki sai ranar da ciwo ya kai su. Haka jaririn da aka haifa, sai an ƙara shi.

Ma'aikacin kamfani mai mutum 25 zuwa sama yana da hurumin neman 70,000, mai aiki a wuri mai mutum biyar zuwa sama kuma yana da hurumin inshora. Wanda ke shago mai ma'aikata goma ke nan doka ta ba shi katin asibiti amma ba ta ba shi mafi ƙarancin albashi ba. Kotun Ma'aikata ce ke sauraron irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe, sai dai wanda ba shi da takardar ɗauka ko shaidar biyan albashi ta banki zai sha wuyar tabbatar da cewa shi ma'aikaci ne.

Mai sana'ar kansa yana iya shiga ta hukumar jiharsa ko ta shirin NHIA na ɗaiɗaiku da ƙungiyoyi, yana biya shekara-shekara. Akwai lokacin jira tsakanin biya da fara amfani, don haka ba a shiga ranar da ciwo ya kama. Ya kamata ya nemi jerin abin da shirin ya ƙunsa tun farko, saboda manyan jinya irin su dashen ƙoda da wasu magungunan daji ko dai ba sa ciki ko kuma wani kaso kawai ake ɗauka.

Mai juna biyu, da yaro ƙasa da shekara biyar, da tsoho, da mai buƙata ta musamman, su ne asusun matakin farko ya fi nufa, kuma rajistar tana gudana ne a cibiyar lafiya ta mazaɓa da aka amince da ita, galibi da lambar shaidar ɗan ƙasa. A yanayin gaggawa, sashe na 20 na dokar 2014 ya hana asibiti ƙin karɓar majinyaci, dokar 2017 kuma ta wajabta kula da wanda aka harba ba tare da jiran rahoton 'yan sanda ba.

Akwai iyaka ɗaya da ta rage a tsarin mulki. Sashe na 17 ya ambaci isassun cibiyoyin lafiya da yanayin aiki na adalci, amma yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotu tilasta aiwatar da shi. Don haka ɗan ƙasa zai iya kai ƙara kan saɓa dokar albashi ko ta inshora, amma ba zai iya kai gwamnati kotu don kawai babu likita a garinsu ba. Bisa wa'adin shekara uku da aka sa a 2024, za a koma teburin cinikin albashi a 2027, shekarar babban zaɓe.